Uban yaro ya hana, yaro yana zuwa a ɓoye: ya zan yi da ƙungiyar ƙwallon cocinmu?

Baba, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya. Ni matashi ne ɗan shekara 28, ina zaune cikin garin Gombe, kuma ni ke kula da wasanni a zumuntar matasa ta ikkilisiyarmu. Shekara biyu ke nan da na fara tara yara a filin bayan coci muna buga ƙwallo da yamma, don na ga ƙannenmu suna lalacewa a bakin titi. Da yara 14 na fara, yanzu sun haura 60, fiye da rabinsu kuwa 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ne. Ban taɓa tambayar yaro addininsa kafin in ba shi riga ba.

A watan jiya wani ɗan'uwa da ke taimaka mini ya cusa 'yan takardun bishara cikin ledojin jesin da muka raba, ba da sanina ba. Mahaifin yaron da ya fi kowa zura ƙwallo a raga, tela ne a kasuwa, shi ya ga takardar. Ya zo fili da kansa ya janye ɗansa a gaban kowa, ya ce ashe tarko muka ɗana. Da ma yana jin haushi don yaron yana tsallake Islamiyya. Tun daga ranar yara bakwai sun ɗauke ƙafa. Shi kuwa yaron, shekararsa 13, yana zuwa a ɓoye yana roƙona in bar shi ya buga, kada babansa ya ji. Sau biyu na bar shi.

Su kuma dattawa sun kira ni. Ma'aji ya ce shekara biyu ana zuba kuɗin baiko, wato sadakar da ake tarawa a coci, a ƙwallo da jesi, rai nawa aka samu? Suna so in riƙa tsayar da yara a hutun rabin lokaci a yi wa'azi, in rubuta sunan duk wanda ya ɗaga hannu, in ba haka ba a rufe mana aljihu. Baba, gaba kura baya siyaki. In bar yaron ya ci gaba da zuwa? In bi dattawa, ko in ajiye usur in huta?

Ɗanka a Gombe

Ɗana, sannu da aiki, sannu da ɗawainiya. Wanda bai taɓa tsayuwa da yara sittin a fili ɗaya da ƙwallo biyu ba, ba zai san me ka sha ba. Amma ba zan fara da yabo ba, zan fara da abin da ya fi gaggawa, wato yaron nan. Kada ka sake barinsa ya taɓa ƙwallo a filinku sai da yardar ubansa. Sau biyun da ka yi ma kuskure ne, kuma a ganina ya fi na takardar nauyi, domin takarda wani ne ya cusa ba ka sani ba, wannan kuwa kai ka yi da idonka biyu.

Ka duba yadda abin yake. Mutum ya tsaya a gaban jama'a ya ce kuna yi wa ɗansa abu a bayan idonsa. Ka ji zafin maganar don kana ganin ƙage ne. To da ka bar yaron ya buga a ɓoye, ka mayar da ƙagen gaskiya. Kuma kada ka yaudari kanka cewa ba zai ji ba. Sirrin da yara sittin suka gani ba sirri ba ne, kafin magariba ya isa shagon ɗinki. Ko babu mai kai labari, ranar da yaron ya gurɗe ko ya karye, wa zai ɗauke shi zuwa gida, da wane baki kuma? Ina faɗa maka wannan ne daga abin da na gani. Lokacin da nake malamin wasanni a wata sakandare, tun Gombe tana cikin tsohuwar jihar Bauchi kafin a raba a 1996, na taɓa sa wani yaro a gasa alhali ubansa ya aiko ya ce a cire shi. Ya faɗi ya karye a hannu. Kafin in gama tunanin yadda zan faɗa, har an kai shi wurin mai ɗori, labari ya riga ni isa gidan. Hannu ya warke cikin 'yan makonni. Uban kuwa, har na bar garin in na gaishe shi sai ya ɗauke kai, kuma ban ga laifinsa ba.

Akwai abin da nake so ka lura da shi game da telan nan, don na ji a wasiƙarka kamar kana masa kallon mai tsaurin kai. Shekara biyu ɗansa yana zuwa filin coci. Kana tsammani bai san filin na waye ba? Mutumin Gombe ba baƙon coci ba ne. Tun 1917 da 'yan mishan suka sauka a Kaltungo ake zaune tare, ana kasuwa ɗaya, ana haya gida ɗaya, wani gidan ma wa Musulmi ƙane Kirista. Ya sani sarai, ya kuma bar ɗansa ya je. Wannan amana ce ya ba ka ba tare da an rubuta ba. Ma'anarta: na yarda ka koya masa ƙwallo, sauran nawa ne. Takardar da ta fito daga leda ita ta karya wannan. Ka juya abin ka gani. A ce ƙanenka ɗan shekara 13 yana zuwa filin da wata ƙungiyar masallaci ke kula da shi, ran nan ya dawo da sabuwar riga, mamarku ta warware leda sai ga takardar kira zuwa Musulunci. Me za ta yi? Na san matan zumunta, ko ɗankwali ba za ta tsaya gyarawa ba.

Saboda haka ka je ka same shi. Ba a shago ba, inda abokan sana'a ke kallo, dole ya kare girmansa. A gida, bayan isha'i, kuma ka aika a sanar da shi tukuna. Kada ka tafi kai kaɗai. Ka nemi dattijo guda daga ikkilisiya, mai furfura da sanyin baki, wanda unguwa ta sani wajen ta'aziyya da suna, ba mai son muhawara ba. In mai unguwa zai haɗa ku da wani nasa, ya fi. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda za ka gaida babanka. Ka ce: Baba, mun yi laifi, an sa takarda a kayan ɗanka ba da izininka ba, ni ke da fili, laifin nawa ne. Ka tsaya nan. Kada ka ce "wani ne ya sa", kada ka ce "ai ba da mugun nufi ba ne". Da zarar ka ce "amma", ka zubar da haƙurin da ka kawo. Sannan ka faɗa masa da bakinka cewa yaron ya zo sau biyu ka bar shi, ba za ka ƙara ba. Na san nan ne zuciyarka za ta yi nauyi, don kana tsoron a doke shi. Shi ya sa dattijon yake wurin, shi zai roƙi arziki a yafe wa yaro, tunda babba ne ya buɗe masa ƙofa. Kafin ka je kuma ka sanar da yaron cewa za ka faɗa, kada ya ji daga sama ya ɗauka ka sayar da shi.

A wannan zuwan kada ka nemi a dawo maka da ɗan wasa. Ko da wasa. In ka nema, duk abin da ka faɗa ya zama ciniki. Ka ba da haƙuri, ka sha ruwan da aka kawo, ka tashi. Haka za ka bi gidajen sauran bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya.

Maganar Islamiyya kuwa, a nan ka ba ni mamaki. Shekara biyu kana tare da yara Musulmi, yanzu sun haura talatin, ba ka san lokacin karatunsu ba? Yawancin Islamiyyun yamma bayan la'asar suke shiga, daga Asabar zuwa Laraba, su huta Alhamis da Juma'a, kamar yadda makarantar allo ta saba tun kaka da kakanni. Kai kuma a daidai wannan lokacin kake busa usur. Yaro ɗan shekara 13 aka ba shi zaɓi tsakanin hadda da ƙwallo, ai ka san inda ƙafarsa za ta nufa. Ka je ka tambayi malaman unguwar jadawalinsu, ka mayar da babban atisaye Alhamis da Juma'a da yamma. Ka tashi yara da sauran rana, yadda kowa zai isa gida ya wanke ƙafa kafin kiran magariba. Da azumi ko dai ka ba da hutu ko ka rage ya zama ɗan motsa jiki, balle in ya faɗo a Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Gombe kan kai maki 40. Ka kuma kafa doka guda mai aiki a kan kowa: wanda ya tsallake makaranta, ta boko ce, Islamiyya ce, ko makarantar Lahadi, benci zai zauna a wannan makon ko da shi ne lamba tara. Ranar da malamin Islamiyya ya gane cewa kai ke koro masa yara aji, ka sami mai kare ka a wuraren da ƙafarka ba ta zuwa.

To sai dattawa. Kada ka ɗauke su abokan gaba. Kuɗin nan da ka saya ƙwallo da shi, a ciki akwai ɗari biyun gwauruwa da ɗari biyar ɗin mai sayar da ƙosai. Ma'aji yana da iko ya tambaya, wajibinsa ne ma. Kuma ba zan ce maka coci ta ɓoye bishara ba, don ita ce dalilin zamanta, maƙwabtanku ma sun san haka, ba sa kuma jiran ku zama wani abu dabam. Inda na raba hanya da dattawanku shi ne wurin da suka zaɓa da kuma yadda suke son a yi. A tara 'ya'yan mutane da sunan ƙwallo, a jira sun gaji suna haki, a tsayar da su a yi musu wa'azi iyayensu ba su sani ba, sannan a rubuta sunan wanda ya ɗaga hannu. Yaron da ke son a sa shi a zagaye na biyu, in ka ce ya ɗaga hannu, ƙafa ma zai ɗaga. Wane rai aka samu a nan? Takarda ce kawai za ta cika. Ita kuma takardar, ka yi tunanin ranar da za ta faɗa hannun wani: jerin sunayen yaran unguwa a ofishin coci. Garin da ya san yadda ƙaramar magana kan zama babba bai kamata a yi masa wasa da irin wannan ba.

Ka je musu da Littafin da suke girmamawa, cikin ladabi, ba da sigar koya musu ba. A 2 Korintiyawa sura 4 Bulus ya ce sun rabu da ɓoye-ɓoye da wayo, gaskiya suke bayyanawa a fili. A Luka 17 kutare goma aka warkar, ɗaya kaɗai ya dawo godiya, ba a kuwa ce an mayar wa taran nan kuturtarsu ba, ba a kuma sa musu sharaɗi kafin a warkar ba. Irmiya 29 ya ce wa mutanen da ke zaune cikin wata al'umma su nemi zaman lafiyar garin, don a cikinsa nasu yake. In hidimar coci ga unguwa tana da farashin da ba a faɗa wa mai karɓa ba, ta tashi daga hidima.

Wani abu kuma da zai sa su murmushi, tunda na tabbata cikin dattawan akwai masu leƙa gidan kallo ranar Asabar. Ƙungiyoyin Ingila da yaranku ke rigima a kansu, da yawa a bayan coci aka haife su, kamar taku. Aston Villa samarin wata majami'ar Metodis ne suka kafa ta a 1874. Everton da sunan cocin St Domingo ta fara a 1878. Manchester City daga cocin St Mark ta fito a 1880. Southampton daga St Mary a 1885, har yau sunan da filinsu ke amsawa ke nan. Celtic ta Sikotlan wani malamin ɗariƙar Katolika ne ya kafa ta a 1887 don a tara kuɗin ciyar da yaran talakawa. Ba ina cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu yadda ma'ajinku ke lissafi ba, don dukansu sun girma sun bar gida, yau kasuwanci ne zalla. Abin da nake nunawa shi ne, waɗancan mutanen sun ga samari na zaman banza a unguwa, suka ga cewa raba su da titi aikin coci ne a kan kansa, ba sai an ɗora masa wani abu ba.

Mu kuwa a Gombe ba sai an ba mu labarin Ingila ba. Mun san Kalare, 'yan dabar siyasa. Tun farkon shekarun 2000 muke ganin yadda yaro ke tashi daga zaman dandali zuwa riƙe adda saboda 'yan kuɗin siyasa, kamar yadda Bauchi ta sha da Sara-Suka. Mun san tiramol da sholisho, mun san kodin da gwamnati ta hana a 2018 bai ɓace daga lungu ba. Wannan fa ba ya tambayar yaro sunansa kafin ya cinye shi, kuma wanda ya sha ya yi tatul ba ya bambanta ƙofar fasto da ta liman. Ga lissafin da za ka kai wa ma'aji. Ya nemi adadi, ka ba shi na gaskiya: yara nawa ke cikin rajista, nawa ke zuwa kowane mako, nawa suka koma makaranta saboda dokar benci, gida nawa ka shiga ka gaisa, naira nawa ta shigo, nawa ta fita, ga rasit. Ina zargin rabin fushinsa ma rashin wannan ne. Matasa kuna da zuciyar aiki, amma rubutu a littafin kuɗi kamar a ce ku sha maɗaci.

Sai ka kai musu tsari a madadin nasu, kada ka je da "a'a" tsirara. Fili na kowa ne, abin da ake yi a cikinsa ƙwallo ne da tarbiyya: gaskiya, zuwa kan lokaci, ba zagin uwa, ba dambe, a gaida alƙalin wasa ko ya yi kuskure. Kafin a take wasa kowa ya yi addu'a yadda aka koya masa a gida, kamar yadda muke gani 'yan wasa suna yi a filin Pantami in Gombe United za ta buga, wannan ya ɗaga hannu ya shafa, wancan ya sunkuyar da kai, babu mai jin an ci masa fuska. Nazarin Littafi Mai Tsarki kuma ya zama a cikin coci, a wata rana dabam, da sunansa a fili, na yaran ikkilisiya. Babban mutum da ya tako da ƙafarsa ya yi tambaya, a amsa masa. Yaro ƙarami kuwa sai da bakin iyayensa. Duk wannan ka rubuta shi a takarda guda da Hausa mai sauƙi, kowane uba ko uwa a karanta musu su sa hannu, da lambar wayar da za a kira in wani abu ya faru. Ka kuma nemi iyaye biyu ko uku daga cikin maƙwabta su shiga kwamitin fili. Ba ado ba, su ga kuɗi, su ga jadawali, su iya cewa ba su yarda ba.

In dattawa sun dage sai wa'azin hutun rabin lokaci fa? Cocinsu ne, filinsu ne, suna da iko. Sai ka ce musu to, amma za ka bi gida gida ka sanar da iyaye tukuna, wanda ya yarda ya turo ɗansa. In sun ce a yi amma kada a faɗa, nan ne za ka ajiye usur, cikin ladabi, ba tare da ka tara matasa kuna gunaguni a bayan majami'a ba. Ban tsammanin za a kai nan. Ka fara ganin fasto shi kaɗai kafin zaman dattawa, shi ne zai amsa kira in unguwa ta rikice, don haka ya fi kowa saurin gane maganar. In kuɗi ne aka rufe, ƙwallo biyu da usur ba su fi ƙarfin karo-karo ba.

Shi ɗan'uwan da ya cusa takardu, kada ka tozarta shi, da zuciya ɗaya ya yi. Amma ka zaunar da shi ka nuna masa cewa aikin minti biyar ya kori yara takwas ya kuma ja wa ikkilisiya zargi. In ya gane, ya zauna. In yana ganin jarumta ya yi, a ba shi wani aiki nesa da yara.

Sauran 'yan abubuwa a gurguje, tunda ba ka tambaya ba amma za su zo. Yara sittin sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ko don kare kanka kada a taɓa samun babba ɗaya tak tare da yara, kada kuma yaro ya shiga ɗakinka ko don karɓar takalmi. Ka raba su bisa shekaru, ɗan 10 ba ya karo da ɗan 17. Akwatin magani da jarkar ruwa su riga ƙwallo isa fili. Zaɓe na matsowa za ka ga masu kawo jesi da hoton ɗan takara a ƙirji, ka yi godiya ka mayar. Haka masu zuwa su ce za su kai yaro Turai in an biya kuɗin fom. Kuma wata rana matan zumunta za su tambaye ka ina na 'yan mata, gara ka fara tunanin ragar ƙwallon hannu tun yanzu.

Ban yi maka alkawarin telan zai dawo da ɗansa ba. Wataƙila bayan wata biyu ka ga yaron ya zo da ƙanensa, wataƙila kuma sai dai ku riƙa gaisawa a hanya. Ɗansa ne. In yaron ya sake zuwa ya tsaya a bakin fili, kada ka kore shi kamar ɓarawo. Ka kira shi da sunansa, ka tambayi karatu, ka ce masa wurinsa na nan ranar da Baba ya ce to, sannan ka sa wani babba ya taka masa zuwa bakin layinsu. Jesin cocinku na gaba kuma, in akwai lamba da za a ɗinka ko wando da za a rage, ka san shagon da za ka kai, ka kuma biya yadda ya faɗa ba tayi.